Gudan Jini a Bututun Wankin Ƙoda: Lissafin da Ke Cinye Jarin Ƙananan 'Yan Kasuwa a Bauchi

BAUCHI — Unguwar Gwallameji da ke kan hanyar Dass, a gefen birnin Bauchi, unguwa ce da ɗalibai suka raya. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a shekarar 1979, ita ce ta jawo masu gidajen haya da masu sayar da abinci da masu shagunan kayan masarufi da masu buga takardu da masu kabu-kabu, har wurin ya zama wata ƙaramar kasuwa mai ci dare da rana. Mafi yawan waɗannan masu sana'a jarinsu da jikinsu abu guda ne, domin ranar da mai shago ya kwanta, to shagon ma ya kwanta ke nan.

A 'yan shekarun nan babu wata cuta da ke kwantar da irin waɗannan mutane ta kuma tsotse abin hannunsu kamar ciwon ƙoda. Idan ana maganarsa, hankalin jama'a yakan tafi ne ga kuɗin da ake biya a duk lokacin da majinyaci ya hau na'urar wankin ƙoda. Amma akwai wani ɗan ƙaramin abu da ba a cika sa shi cikin lissafi ba, wato siririn bututun roba da ake zurawa a babbar jijiyar wuya ko ta matsematsi domin a riƙa fitar da jini zuwa na'ura a kuma mayar da shi jiki. Wannan bututu shi ne ke riƙe da ran majinyaci, kuma shi ne sau da yawa ke haddasa daskarewar jini a cikin jijiya, matsalar da kan ninka kuɗin jinya, ta hana mutum sana'a, wani lokaci ma ta yi sanadin ajalinsa.

Wannan bayani ya shafi kowane ɗan kasuwa, ko mai lafiya ne ko mara lafiya, domin da wuya a sami layin kasuwa a Wunti ko Muda Lawal da ba a taɓa zagayawa da takardar neman taimako domin wani mai ciwon ƙoda ba.

Mene ne wannan bututu?

Jijiyoyin da ke bayan hannu, waɗanda ake sa wa ƙarin ruwa, ƙanana ne, ba za su iya bayar da jinin da na'urar wankin ƙoda ke buƙata ba. Na'urar tana jan abin da ya kai kimanin mililita 300 na jini a kowane minti, har na tsawon awa 4, kuma bisa ƙa'ida sau 3 a mako ake yi. Saboda haka sai likitoci su nemi manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya. Uku ne aka fi amfani da su: ta gefen wuya, da ta ƙarƙashin ƙashin nan da ya gitta tsakanin wuya da kafaɗa, da kuma ta matsematsi. Idan ta wuya aka bi, bakin bututun yakan tsaya ne dab da ƙofar zuciya. Likitoci suna kiransa kateta, majinyata kuwa roba kawai suke ce masa.

Ba masu ciwon ƙoda kaɗai ake sa wa ba. Ana sa wa masu ciwon daji da ke karɓar magani mai ƙarfin da zai ƙona ƙananan jijiyoyi, da waɗanda ke kwance a sashen kula da masu matsanancin ciwo, da waɗanda ake ciyar da su ta jijiya, da wasu masu amosanin jini da jijiyoyin hannunsu suka ƙare saboda yawan huji. Sai dai a ƙasar nan masu wankin ƙoda ne suka fi daɗewa da shi a jikinsu, don haka su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa.

Tarihin abin ya faro ne daga Jamus a shekarar 1929, lokacin da wani matashin likita, Werner Forssmann, ya zura bututu ta jijiyar hannunsa shi da kansa har ya kai zuciya, aikin da ya sa ya sami rabo a lambar yabo ta Nobel a 1956. A shekarar 1953 wani likitan ƙasar Suwidin, Sven-Ivar Seldinger, ya fito da dabarar fara shigar da siririyar waya ta cikin allura, sannan a bi ta kanta da bututu, kuma har yau wannan dabara ake bi a asibitocin duniya. A Nijeriya kuwa, an fara wankin ƙoda ne a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 1981.

Bututun iri biyu ne. Akwai na wucin gadi, wanda ake sawa cikin gaggawa, kuma ƙa'idojin likitocin ƙoda sun ce kada ya wuce mako 2 a jiki. Akwai kuma mai daɗewa, wanda ake bi da shi ta ƙarƙashin fatar ƙirji kafin ya shiga jijiya, yana da wani ɗan zobe da nama ke kamawa ya tare wa ƙwayoyin cuta hanya. Wannan na biyun yakan yi watanni, amma ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma a nan ne lissafin aljihu ke fara shiga cikin sha'anin magani.

Dalilin da ya sa jini ke daskarewa

Tun a tsakiyar ƙarni na 19 wani malamin likitanci na Jamus, Rudolf Virchow, ya yi aikin da daga cikinsa aka fahimci cewa abubuwa uku ne ke sa jini ya daskare a cikin jijiya: rauni a bangon jijiyar, da tafiyar hawainiya da jini ke yi, da kuma sauyin yanayin jinin kansa ta yadda zai yi saurin kamewa. Bututun babbar jijiya yakan tara waɗannan abubuwa uku a wuri guda. Hujin da aka yi rauni ne, kuma bakin bututun yana ci gaba da gogar bangon jijiya duk lokacin da mutum ya motsa. Kaurinsa yana cin wani kaso na hanyar da jini ke bi, sai gudun jinin ya ragu. Sannan cututtukan da ke sa a buƙaci bututun, kamar ciwon daji da wasu nau'o'in ciwon ƙoda, su ma da kansu suna sa jini saurin kamewa. Bugu da ƙari, jiki bai san roba ba, saboda haka cikin 'yan kwanaki yakan fara lulluɓe ta da wata irin yana.

Gudan jinin yana iya kasancewa a cikin bututun kansa ya toshe shi. Yana iya zama kamar kube ya rufe bakinsa, ta yadda ruwa zai shiga amma jini ba zai fito ba. Yana iya manne wa bangon jijiyar ya yi ta girma har ya rufe ta ruf. Mafi muni shi ne wanda ke ɓallewa, jini ya kwashe shi ya bi ta zuciya ya je ya toshe jijiyar huhu.

Akwai abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin. Daga ciki akwai daɗewar bututu a jiki, da yawan huda jijiya kafin a dace, da sake sa bututu a jijiyar da aka taɓa sa wa, da tsayawar bakinsa a inda bai kamata ba, da kuma shigar ƙwayoyin cuta. Ƙwayoyin cuta da gudan jini kuwa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, domin kowanne yana share wa ɗan'uwansa hanya. Wannan ne ya sa likitocin ƙoda suka fi son jijiyar wuya ta ɓangaren dama, wadda ke tafiya kusan a miƙe zuwa zuciya, suke kuma guje wa ta ƙarƙashin ƙashin wuya, saboda ta fi saurin tsukewa.

Abin da majinyata ke gani

A ɗauki misalin mai shagon kayan masarufi a Gwallameji, magidanci mai iyali, wanda ya yi shekaru da hawan jini bai sani ba, ko kuwa ya sani amma yana shan magani yau ya bari gobe. Irin wannan mutum ba ya zuwa asibiti sai ƙafafu sun kumbura, amai ya ƙi tsayawa, numfashi yana yi masa wuya. A wannan hali babu lokacin shiri, sai dai a sa masa bututun wucin gadi, sau da yawa a matsematsi, a hau da shi na'ura a ceci ransa. Rahotannin da likitocin ƙoda na ƙasar nan suka sha wallafawa sun nuna cewa haka mafi yawan majinyatanmu ke fara wankin ƙoda.

Alamar farko da yakan gani ba a jikinsa take ba, a jikin na'ura take. Sai ta riƙa ƙara tana tsayawa saboda jini ba ya zuwa yadda ya kamata. Ma'aikatan jinya su gyara masa kwanciya, su ce ya juya kai, su sauya layukan bututun, su wanke shi da ruwan gishiri. Wata rana a dace, wata rana kuma a sauke shi kafin awa 4 ta cika. Ya dai zo, ya ɓata yininsa, amma jininsa bai wanku sosai ba, ya koma gida da kasala da nauyin jiki.

Bayan haka sai jiki ya fara magana. Wanda aka sa wa a matsematsi yakan wayi gari ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kauri, ta yi nauyi da zafi, takalmi ya ƙi shiga. Wanda aka sa wa a wuya yakan ga hannun wannan ɓangare ya kumbura, agogo ko zobe ya matse, wuya da kafaɗa suna ciwo, wasu ƙananan jijiyoyi sun fito ɓaro-ɓaro a ƙirji, domin jini yana neman wata hanyar da zai bi. Idan toshewar ta kai ga babbar jijiyar da ke tattara jinin kai da hannuwa, fuska takan kumbura musamman da safe, kuma majinyata kan koka da cewa da zarar sun sunkuya, ko a ruku'u ko a sujada, sai su ji kai ya cika kamar zai fashe.

Wajibi ne a san cewa da yawa daga cikin waɗannan gudajin jini ba sa nuna alama ko kaɗan. Ba a gane su sai ranar da aka zo sa sabon bututu waya ta ƙi wucewa, ko kuwa aka ɗauki hoton jijiyar da na'urar sikanin.

Alamar da ba ta jira kuwa ita ce ɗaukewar numfashi farat ɗaya, da ciwon ƙirji mai suka idan an ja numfashi, da bugun zuciya da sauri, ko tari da jini. Wannan yana nuna gudan jini ya isa huhu, kuma ba abin da za a bari sai gari ya waye ba ne. Haka nan zazzaɓi da rawar ɗari a lokacin wankin ƙoda ko jim kaɗan bayansa alama ce ta ƙwayoyin cuta sun shiga jini ta bututun.

Akwai kuskuren da iyali kan yi da kyakkyawar niyya. Idan hannu ko ƙafa ta kumbura, al'adarmu ita ce a yi tausa, ko a gasa da ruwan zafi, ko a kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga. Matsa wurin da gudan jini yake yana iya ɓalle shi ya tafi huhu. Tsaga jikin wanda ke shan maganin tsinka jini kuwa yana iya jawo zubar jinin da zai yi wuyar tsayawa.

Ban da ciwo, akwai takurar zaman yau da kullum. Mai bututu a wuya ba ya sheƙa ruwa a jikinsa yadda ya saba, domin ba a so wurin ya jiƙe, ga kuma zafin Bauchi a watannin Maris da Afrilu da ke sa gumi ya ɓamɓare filasta. Ba ya ɗaukar buhu, ba ya kwanciya ta ɓangaren da ya ga dama. Mai bututu a matsematsi kuwa hawa babur ma aiki ne. Ga ɗan kasuwar da ya saba sammakon zuwa Muda Lawal ya saro kaya da kansa, wannan kaɗai ya isa ya rage masa ciniki.

Ana kukan targaɗe

Idan aka tabbatar da gudan jini ta hanyar hoto, magani shi ne a tsinka jinin. Akan fara da allurar heparin, sannan a koma ga ƙwaya, kuma galibi akan ɗauki aƙalla wata 3 ana sha. Ga masu ciwon ƙoda zaɓin yana da wuya, domin wasu daga cikin sababbin magungunan ta ƙoda suke fita daga jiki, saboda haka sau da yawa akan koma ga tsohon maganin nan warfarin. Shi kuma yana buƙatar a riƙa gwajin jini a kai a kai domin a daidaita shi: idan ya yi kaɗan bai yi aiki ba, idan ya yi yawa jini ya ɓalle. Mai shan sa ba ya haɗa shi da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saye a kemis, ba ya haɗa shi da jiƙe-jiƙe, har ma yawan ganyen da yake ci, kamar zogale da alayyafo, ana so ya daidaita shi kada yau ya cika kwano gobe ya ƙaurace.

Bututun da ya toshe akan gwada buɗe shi da wani magani mai narkar da gudan jini, mai tsada ƙwarai, wanda ba kowane kantin magani ke ajiye shi ba. Idan bai buɗu ba, ko kuwa ƙwayoyin cuta sun kama shi, sai a cire a sa sabo a wata jijiyar. A nan ne babbar asarar take. Manyan jijiyoyin da ake iya amfani da su ƙidayayyu ne, kuma duk wadda ta toshe ko ta tsuke da wuya ta koma yadda take. Ɗan kasuwa zai fi kowa gane wannan: jijiyoyin majinyaci su ne uwar kuɗinsa, kuma kowane bututun wucin gadi yana cin wani abu daga cikinta.

Yanzu sai a duba alƙaluma. Kafin shekarar 2025, ana biyan kimanin Naira 50,000 a kowane zama a kan na'ura. Sau 3 a mako, wato sau 12 a wata, ya kama Naira 600,000. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta shigo da rangwamen da ya mayar da kuɗin zuwa Naira 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta, ciki har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi da kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare. Ko shakka babu wannan sauƙi ne babba. Amma ko da a wannan farashi, sau 12 a wata ya kama Naira 144,000, wato ya ninka mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yulin 2024, har da ɗoriya.

A kan wannan ne gudan jini ke ɗora nasa kaya: kuɗin hoton jijiya, da kuɗin allura da ƙwaya na wata 3, da kuɗin gwajin jini, da kuɗin sabon bututu da na sa shi, da kuɗin gado idan an kwantar da mutum, da kuɗin mota, da kwanakin da shago ya yi a rufe. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin kiwon lafiya ke fitowa kai tsaye daga aljihun jama'a, hanyar da akan bi sananniya ce. Da farko a taɓa ribar shago, daga nan a shiga uwar kuɗi, sai a karɓi adashi tun kafin lokaci, a sayar da babur, a jinginar da fili. Daga ƙarshe majinyaci ya rage zuwa wanki daga sau 3 a mako zuwa sau 1, ko sai ranar da kuɗi suka samu. Binciken da aka yi a cibiyoyin ƙoda daban-daban na ƙasar nan ya nuna cewa mafi yawan waɗanda suka fara wanki ba sa iya ɗorewa fiye da wata 3, kuma rashin kuɗi ne babban dalili.

Haɗin jijiya: tsada a yau, sauƙi gobe

Mafita ta daɗe da samuwa. A shekarar 1966 wasu likitoci a birnin New York na Amurka, waɗanda suka haɗa da Michael Brescia da James Cimino, suka bayyana wata dabara ta ɗinke jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi, a daidai wuyan hannu. Ƙarfin jinin yakan sa jijiyar ta girma ta yi ƙwari, har ta iya ɗaukar allurar na'ura sau 3 a mako na tsawon shekaru, ba tare da an bar wata roba a jiki ba. Likitoci suna kiran wannan haɗi fistula, amma kada sunan ya ruɗi kowa, ba shi da wata alaƙa da lalurar yoyon fitsari da aka fi sani da wannan suna a asibitocinmu. Cikin dukkan hanyoyin wankin ƙoda, wannan haɗi shi ne mafi ƙarancin kamuwa da ƙwayoyin cuta da toshewa.

Sai dai yana da sharuɗɗa. Yana buƙatar tiyata da likitan da ya ƙware a ɗinkin jijiya. Yana buƙatar mako 6 zuwa wata 3 kafin ya nuna, kuma ba kowanne ke nuna ba. Uwa uba, yana buƙatar lafiyayyun jijiyoyi daga wuyan hannu har zuwa zuciya. Idan bututu ya riga ya tsuke babbar jijiyar da ke sama, to da zarar an yi haɗin hannun zai kumbura, aikin ya lalace. Ke nan wanda ya yi ta jinkiri yana sauya bututun wucin gadi saboda ya fi araha a ranar, yana iya rufe wa kansa ƙofar da ta fi alheri. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Shi ya sa likitocin ƙoda ke son a turo masu majinyaci tun kafin ƙodarsa ta gaza gaba ɗaya, domin a yi haɗin ya nuna kafin ranar buƙata. Haka kuma akan shawarci mai ciwon ƙoda da ya keɓe hannun da bai fi aiki da shi ba, kada a riƙa huda jijiyoyin sangalinsa don ɗibar jini ko ƙarin ruwa, a nemi na bayan tafin hannu.

Mafita ta gaba da wannan ita ce dashen ƙoda, wanda aka fara yi a ƙasar nan a asibitin St. Nicholas na Legas a shekarar 2000, sannan a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 2002. Amma kuɗinsa na miliyoyin Naira ne, kuma bayan dashe akwai maganin da za a sha har ƙarshen rayuwa.

Kasuwar kayan aikin

Bututun babbar jijiya da matatar na'ura da layukan jini, daga waje ake shigo da su, saboda haka farashinsu yana bin Dala ne sawu da ƙafa. Idan dai ba a manta ba, kafin a saki Naira a watan Yunin 2023 ana canjin Dala ɗaya a kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati, amma a cikin shekarar 2024 ta haura Naira 1,500. A cikin wannan tsakani ne kamfanin GlaxoSmithKline ya sanar, a watan Agustan 2023, cewa zai daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a Nijeriya, ya koma sayarwa ta hannun dillalai.

A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan wani umarni da ya ɗage harajin kwastan da na VAT, na tsawon shekara 2, a kan wasu injuna da kayan haɗa magunguna da na'urorin asibiti, da nufin ƙarfafa masana'antun cikin gida. Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan asalin Jihar Bauchi wanda aka naɗa Ministan Lafiya a watan Agustan 2023, ya mayar da sarrafa kayan kiwon lafiya a cikin gida ɗaya daga cikin manyan manufofin ma'aikatar. Ga masu jari, wannan fage ne da ke da masu buƙata kullum, domin matata da layukan jini sau ɗaya ake amfani da su a jefar.

Amma fatauci ne da ke buƙatar amana fiye da kowane. Kayan da za a zura har ƙofar zuciyar mutum tilas ne su kasance masu rajistar hukumar NAFDAC, a cikin kwalinsu da ba a buɗe ba, wa'adinsu bai wuce ba, kuma ba a bar su suna dahuwa a cikin rumfar kwano ba. Sau da yawa dangin majinyaci ne ake rubuta wa takarda su fita su nemo, kuma ba su da ilmin bambance mai kyau da mara kyau. Duk wanda ya sayar masu da jabu ko wanda ya lalace, ba riba ya ci ba.

Akwai kuma gurbin da masu hannu da shuni za su iya cikewa. Na'urar sikanin ta tafi-da-gidanka, wadda ke nuna wa likita jijiya kafin ya huda, an tabbatar tana rage yawan huji da haɗarin da ke biyo baya, kuma ita ce dai ke gano gudan jini da wuri. Attajirin da ke son yin sadaka mai gudana, ko ƙungiyar 'yan kasuwar da ta saba tara kuɗi don biya wa ɗan'uwa wanki sau biyu ko uku, za su iya tunanin biyan kuɗin tiyatar haɗin jijiya ko na bututu mai daɗewa, domin amfaninsu ya fi nisa.

Abin da ya rage ga ɗan kasuwa

Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, kuma Jihar Bauchi tana da nata shirin taimakekeniyar lafiya. Duk da haka, yawancin masu ƙananan sana'o'i suna waje. Ya kamata shugabannin kasuwanni su zauna da waɗannan hukumomi su ji dalla-dalla abin da shirin ya ƙunsa game da ciwon ƙoda, su kuma nemi a shigar da 'ya'yan ƙungiyoyinsu a dunƙule.

Wanda kuwa ɗan'uwansa ya riga ya fara wanki, akwai tambayoyin da ya kamata ya yi wa likita tun a makon farko: wane irin bututu ne aka sa, kwana nawa zai yi, yaushe za a duba hannu domin haɗin jijiya, kuma me da me kuɗin da ake biya ya ƙunsa. Kada a taɓa murfin bututun a gida, kada a bari a yi amfani da shi don wata allura a wajen sashen wankin ƙoda, kuma duk kumburin da ya fito a ɓangare ɗaya na jiki a kai shi asibiti a ranar.

A kowace ranar 13 ga Oktoba, ranar haihuwar Virchow, duniya na faɗakarwa a kan daskarewar jini, a ranar Alhamis ta biyu ta watan Maris kuma a kan ciwon ƙoda. Amma mai shago a Gwallameji ba sai ya jira waɗannan ranaku ba. Hawan jini da ciwon sukari suna sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe ƙoda, kuma awon su a asibitin unguwa bai kai kuɗin katan ɗin sabulu ba. Wanda ke ƙirga kayan shagonsa kowane dare, ya dace ya riƙa auna jininsa ko da sau ɗaya ne a wata, domin lafiya ita ce uwar jiki, kuma ita ce uwar jari.